Daga Ina Muka Samo "Gaye" da "Gayu"?

Tambaya: Malam, "ɗan gaye" Hausa ce ta asali ko aro ce? (Mai karatu daga Zariya)

Aro ce, daga kalmar Turanci "guy", kuma tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. A ranar 5 ga Nuwamba, 1605, aka kama wani mutum mai suna Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisar Ingila yana gadin ganguna 36 na albarushi, da nufin a tashi majalisar da Sarki James na Ɗaya a ciki. An kashe shi a farkon 1606. Da tafiya ta yi tafiya, duk shekara idan ranar ta zagayo sai yara su cusa tsummokara su haɗa mutum-mutuminsa, su sa masa yagaggun tufafi, su zaga da shi unguwa, da dare a cinna masa wuta. Wannan mutum-mutumin shi ake kira "guy". Daga baya duk wanda ya yi shigar banza sai a kira shi da sunan. Da kalmar ta ƙetara Amurka sai zagin ya zube, ta koma nufin kowane namiji. A bakin mutanen Najeriya da Gana kuma ta ƙara hawa, ta zama wayayyen saurayi mai iya ado. Sunan tsumma ya koma sunan mai shadda.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Bahaushe ya yi mata riga. Ya ɗora ta a kan ma'aunin maye da mayu, ya ce gaye da gayu. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki jam'in ya mai da shi sunan ɗabi'ar kanta: "ta ci gayu", "ya iya gayu". Wannan shi ne aro na mai hankali, ba irin na yaran yanzu da ke cewa "swaga" ba. Sun ɗauko kalma ɗanya, ba su ko wanke ta ba, alhali muna da ƙwalisa, muna da yanga, muna da taƙama, kowacce da gurbinta. Ba na ƙin aro, harshen da ba ya aro ya mutu. Lalaci nake ƙi.

Tambaya: To mene ne bambancin gayu da taƙama?

Gayu a jikin tufa yake, taƙama a cikin tafiya. Dubi saurayi ranar sallah: shadda ta sha bugu tana ƙyalli, ya karya hula gefe guda, turare na riga shi isa wuri. Wannan gayu ne, kuma kuɗi na sayensa. Idan ya taho yana taku ɗai-ɗai, kafaɗa a buɗe, ba ya waiwaye ko an kira shi sai ya ga dama, to ya shiga taƙama. Shi ya sa ake tambayar mutum "da me kake taƙama?", domin taƙama sai da abin dogaro, ko dukiya, ko sarauta, ko ƙarfi. Ba a taɓa tambayar kowa da me yake gayu. Yanga kuwa da ɗan jan rai a cikinta, ana yin ta ne don wani ya gani. Ƙasaita ta fi su duka, kuma ina roƙon masu gabatar da shirye-shirye a rediyo su daina jingina ta ga duk wanda ya ɗinka sabuwar malum-malum. Ta masu mulki ce da waɗanda suka isa.

Tambaya: Mece ce "katara" a cikin "kayan aro ba ya rufe katara"? ('Yar makaranta daga Damagaram)

Gefen cinya ne ta sama, wajen ƙugu. Zanen da ba naki ba, ba a auna shi da jikinki ba.

Tambaya: Kwalisa ake rubutawa ko ƙwalisa?

Ƙwalisa, da ƙugiya. Kwalliya ce ba ta da ita.