Zakarana ya daina cara, wuyansa yana karkacewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a bayan gida, kuma na sayo sababbi biyu a kasuwa na haɗa su da nawa. Yanzu zakarana ya daina cara, ba ya cin tsaki, kashinsa kore ne mai ruwa, wuyansa kuma ya fara karkacewa. Maƙwabta sun ce in jiƙa masa barkono da kafso. Me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu, unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Alamun da kika lissafa, musamman karkacewar wuya da koren kashi bayan shigowar baƙin kaji, sun fi kama da cutar Nukasil, wadda ke share akurki a lokacin hunturu. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, saboda haka kafso ba ya kashe ta, barkono kuwa ba zai ƙara wa zakaran komai ba sai wahala.

Ki ware shi yau ɗin nan, a wuri mai ɗumi da iska ba ta bugawa, da kaskon ruwansa da na abincinsa daban. Ki dama masa dusa da ruwa ta yi laushi, idan kuma ya kasa sha da kansa ki ɗiga masa ruwa a gefen baki sannu a hankali don kada ya shaƙe. Ki riƙa fara kula da masu lafiya kafin ki je wurinsa, sannan ki wanke hannu da sabulu, domin a kashi da majina cutar take yawo, har a tafin takalmi.

Ba zan ɓoye miki ba, zakaran yana iya mutuwa, kuma abin da ya fi damuna shi ne sauran kajin. Ki nemi likitan dabbobi a ofishin ma'aikatar kiwo ya duba su, shi zai ce ko a yi wa masu lafiya rigakafi yanzu. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu. Zuwan likitan yana da wani amfanin, domin murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a garin Magariya na jihar Damagaram a 2006, tana kama da wannan cuta a ido, kuma ita tana iya kama mutum.

Kada ki kai shi kasuwa, kada a yanka shi a ci. Idan ya mutu, a binne shi da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Kajin da za ki sayo nan gaba kuma su yi aƙalla mako biyu a keɓe kafin su haɗu da na gida.