MGB ta 1972 da ta shekara 12 a ajiye: daga ina ake fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar mota ƙirar MGB ta 1972, mai buɗaɗɗen sama. Wanda ya sayar mini ya ce ta shekara 12 a gareji ba a tayar da ita ba. Fentinta da kyau, kujerun ma ba laifi. Makanikena ya ce mu sa sabon batir da fetur mu gwada, in ta tashi sai a sake mata fenti. Hakan daidai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, amma ka dakatar da makaniken nan tukuna. A MGB ba inji ne abin tsoro ba. Injinta mai silinda 4 da cc 1798 yana da haƙuri ƙwarai, kuma da yake an ƙera motar fiye da 500,000 a garin Abingdon na Ingila tsakanin 1962 da 1980, har yau ana buga sababbin kayan gyaranta. Tsatsa ce ke kashe ta, don haka daga bodi za ka fara.

MGB ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin shi ne shasin. Tunda taka ba ta da rufin ƙarfe, dogayen akwatunan ƙarfen nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, wato dokin ƙofar motar, su ne ke riƙe gabanta da bayanta. Kowanne hawa-hawa ne: akwai fallen waje da ido ke gani, da na tsakiya a tsaye, da na ciki, da wani a ƙasa. Ruwa da laka suna taruwa a bayan tayar gaba, ramukan zurarar ruwa su toshe, sai tsatsa ta fara ci daga ciki. Kafin ta fito fili, fallen tsakiya ya daɗe da ruɓewa. Shi ya sa kyan fenti ba shaida ba ne, sau da yawa ma sabon fenti a wannan wuri abin zargi ne.

Ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa, wato abin cike rami da ba ƙarfe ba. Ka ɗage shimfiɗar ƙasa ka soki ƙarfen da sukudireba, kada ka tausaya masa. Sannan ka sa jak a mazauninsa na ƙarƙashin dokin ƙofa, ka ɗaga a hankali, wani yana kallon tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodin baya. In tazarar ta buɗe ko ta matse, ko ƙofar ta ƙi buɗuwa, to bodin yana lanƙwasawa, kuma wannan aikin walda ne babba. Ka duba inda sifirin ɗin baya ke manne da bodi, da ramukan batir a bayan kujeru, da ƙasan but, da saman tankin mai, domin ruwa na kwanciya tsakaninsa da but har ya huda shi ta sama.

In ta kai ga walda, kada ka yarda a lulluɓe ruɓaɓɓen wuri da faci. Dole a yanke ƙasan madigadin gaba da na baya, ko a cire na gaban gaba ɗaya, domin dokin ƙofar ya shige ƙarƙashinsu. Kafin a yanka komai, a tokare motar a daidai, a yi waldar sandar ƙarfe a gicciye cikin bakin ƙofa don kada bodin ya sage, a bar ƙofar a rataye ana gwada tazara da ita, kuma a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. Wanda ya yanke duka biyun lokaci guda, da wuya ƙofofinsa su sake rufuwa daidai. Bayan an gama a fesa kakin hana tsatsa a cikin akwatin. In kuwa ka tarar dokin ƙofa duka biyu da ƙasa da mazaunin sifirin sun tafi, ka yi lissafi da kyau, domin tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB cikakke da ainihin kayan aikin masana'antar, wani lokaci sayensa ya fi facin da ba ya ƙarewa.

Sai inji. Haɗarin shawarar makanikenka shi ne, bayan shekara 12 babu sauran mai a jikin silinda da beyarin, kuma ringi kan manne. In kik ya juya shi da ƙarfi a bushe, ringi na iya karyewa ya karce silinda. A cire fulogi duka 4, a zuba kamar cokali ɗaya na mai mai laushi a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a sa sufana a babban notin kirankishaf a juya da hannu. In ya cije kada a tilasta. A ƙara mai, a jira, a riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. A buɗe murfin bawul a kalli kowanne yana sauka yana dawowa, domin wanda ya maƙale zai lanƙwasa sandar da ke tura shi. Tazarar bawul milimita 0.38 ce in injin yana da sanyi.

A zubar da tsohon baƙin mai, a canza filta, a zuba 20W-50 mai sinadarin zinki. Kamshaf irin na da yana buƙatar zinkin. Game da batir, motar 1972 guda biyu take ɗauka masu bolt 6 haɗe a jere, kuma nagatib ne ke bodi. Ana iya maye su da guda mai bolt 12 in zai shiga ramin. Fulogi suna waje, a cire wayar koyil, a buga kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, a sake, har allurar matsin baƙin mai ta ɗaga. In ta ƙi ɗagawa, a tsaya a nemi dalili. A nan ne kuma za a auna matsin kowace silinda. Abin dubawa shi ne kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Kada a ja fetur daga tsohon tanki. Wanda ke ciki ya zama danƙo, ga tsatsa, zai toshe kafireta nan take. A sauke tankin a wanke ko a canza, a canza duk tiyon roba da wanda ke jure fetur mai gaurayen etanol. Famfon mai na kamfanin SU ne, na lantarki. In an murɗa makulli ba a ji yana ƙas-ƙas ba, yawanci kwantak ɗinsa ne ya yi datti. Kafireta biyun su ma SU ne: a wanke kofunan mai, a canza allurar da ke tsayar da fetur, a ɗaga fistin ɗin kowacce da yatsa a sake shi, ya kamata ya sauka sumul har a ji ƙwas, sannan a zuba mai a ramin samansa. A sa sabon kwantak da kondensa a distiributa, tazara milimita 0.38, ta fulogi kuma 0.64, jerin wuta 1-3-4-2. A canza tiyon lagireto da fambel, a wanke lagireton. Yanzu a tayar, da abin kashe gobara a kusa. In ya yi zafi, allurar matsin baƙin mai ta nuna tsakanin psi 50 da 80 a kan gudu, ko da ta sauka a silo.

Ko ta tashi, kada ta motsa kafin a gama da birki. Man birki yana shan danshi, shi kuma danshin ya cinye silindojin birki daga ciki. Motocin da aka yi don kasuwar Ingila a wannan shekara layin birki ɗaya gare su, tiyo guda ya fashe an rasa duka ƙafa huɗu. A canza robobin masta ko masta ɗin kansa, da silindojin baya, da tiyon roba duka, a duba fistin ɗin kalifa, a zuba sabon man birki DOT 4. Kulos ma na mai ne, haka za a yi masa. Falantinsa kan manne da fulawil bayan doguwar ajiya. In ya ƙi saki, sai an ciro inji kafin a kai gare shi. Tayoyi kuwa a zubar ko zanensu bai ci ba. Lambobi 4 na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar ƙira. In 3 ne, an yi ta kafin 2000.

Wayoyin lantarkin motar, na kamfanin Lucas, sun yi ƙaurin suna, amma yawancin laifin na mahaɗai ne masu datti da as, wato mahaɗin nagatib da bodi, mara kyau, sai a goge su ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da waya mai ruwan ƙasa: kullum da wuta a cikinta kuma babu fis a gabanta, in ta goge da bodi gobara ce, don haka a sa makashin batir. A ɗura giris a ƙafafun gaba, a duba man shokazoba. Giyarta baƙin mai take sha irin na inji.

Fenti shi ne na ƙarshe. Ka tuƙa ta na wasu watanni bayan walda, duk abin da zai zuba ya zuba, wanda zai sa a ciro inji ya bayyana, sannan a kankare ta har ƙarfe a fesa.