Kalangun da ya koma ɗingishi

Ɗana, ka ce jiya ka buga kalangu a kan MPC, na'urar haɗa kiɗa, yana daɗi, da ka sa na'urar ta daidaita lokacin bugun sai ya koma ɗingishi, har kana zargin ta samu matsala. Lafiyarta lau. Na saurari abin da ka ajiye tun da safe, hannunka ma bai yi laifi ba. Ma'aunin da ka zaɓa ne bai dace da kiɗan ba.

Irin waɗannan tsofaffin na'urorin na Akai, tun daga MPC60 da Roger Linn ya tsara ta fito a 1988, suna raba kowane taku ɗaya na kiɗa zuwa ɗigo 96. Da ka zaɓi 1/16, ka yanka takun kashi huɗu ke nan: 0, 24, 48, 72. To amma kalangunka tafiyar uku-uku yake yi, bugunsa na sauka a kan 0, 32, 64. Ita na'ura ba ta da kunne, gidan da ya fi kusa kawai take nema. Sai ta janyo na 32 ta dawo da shi 24, na 64 kuma ta tura shi 72. Ɗaya ya yi gaggawa, ɗaya ya makara, ka ga dole ya gurgunce. Da 1/8(3) ka zaɓa, wato ma'aunin uku-uku, da kowane bugu ya zauna a gidansa.

Ka lura kuma, tana yin gyaran nan tun kana cikin ɗauka. In kana son bugunka ya shiga yadda hannunka ya fitar da shi, ka kashe gyaran kafin ka danna jan maɓallin ɗauka. Kuma kada ka sake taɓa lokacin kiɗa ba ka kwafe shi zuwa wani gurbi ba. Na taɓa rasa aikin yini guda saboda haka, mawaƙin yana zaune a gabana, har yau ban manta yadda ya dube ni ba.

Ni ga yadda nake yi. Babbar ganga, wadda ke riƙe da ƙasa, ita nake ɗaurewa daram a kan layi, domin a kanta mai rawa ke sa ƙafa. Kalangu kuwa, in mai bugawa ya iya, ba na bari na'ura ta taɓa shi gaba ɗaya. Sai in shiga ciki in nemo bugu biyu ko uku da suka kauce sosai, in matsar da su da hannu. Kalangu magana yake yi, kuma ba a magana da numfashi iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Kacau-kacau da ƙananan bugu a kiɗa mai tafiyar huɗu-huɗu su ke son rausaya. Wurin da ka ga an rubuta 50%, wato ba rausaya ko kaɗan. In ka ƙara, na'urar za ta jinkirta kowane bugu na biyu. A 58 jinkirin ɗigo huɗu ne, a 66 ya koma kamar uku-uku, iyakarta 75. Ni tsakanin 54 da 62 nake zama.

Kada ka raina ɗigo ɗaya. In gudun kiɗa taku 120 ne a minti, taku ɗaya rabin daƙiƙa ne, ɗigo kuwa kusan kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa. Ka jinkirta tafi da ɗigo biyu kawai, za ka ji kiɗan ya kishingiɗa. Ka gaggauta shi da biyu, za ka ji kamar ana kora shi.

Yanzu ka goge wancan, ka sake bugawa da gyaran a kashe. In ka matsar da bugu, ɗauke idonka daga lambobin, ka tashi tsaye ka taka ƙafa kana saurare. Bayan la'asar ka kira ni mu ji tare.