Ku Tambayi Anti: An Mayar Da Maigida Garin Sanyi, Ni Kuma Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema, wallahi kusan sati uku kenan rabona da barcin kirki. Maigidana aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can ɗaya ƙarshen ƙasar, tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma garin ɗan ƙarami ne a kan tsauni, waɗanda suka taɓa zuwa sun ce sanyin wurin ba a magana wai har da rana tsaka da suwaita ake yawo. Mu kuwa tun tasowarmu a garin zafi muke, yarana ko bargo ba su saba da shi ba. Su uku ne, babbar shekararta 13, na tsakiya 7 kuma yana da sikila, sai jaririya 'yar wata biyar. Shi maigida ya ce mu tattara komai mu tafi gaba ɗaya ƙarshen wata, har ya fara maganar sayar da gidan da muke ciki, ita kuma babbar tunda ta ji zancen ta daina walwala, daga makaranta sai ɗaki. Surukata ta ce ba wani abu ba ne, in dare ya yi mu hura gawayi a kasko mu kai ɗaki mu rufe ƙofa shikenan. Ni ba na son in ƙi bin mijina, kuma ba na son in kai yara inda za su wahala. Ya zan yi?

Daga Maman yara uku

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa canjin nan ya zamo muku alheri. Duk wasiƙarki abin da ya sa gabana ya faɗi maganar kaskon nan ce, shi ya sa da ita zan fara. Na san Mama da kyakkyawar niyya ta faɗa, ki ba ta haƙuri cikin ladabi, amma dan girman Allah kar ki taɓa kai garwashi ɗaki ki rufe ƙofa da taga ku kwanta. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga sosai yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ba hayaƙi ba ce balle ki ce ai zan gani in tashi. Kamun da take wa jini ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, mutum yana ta barcinsa jininsa na cika da guba bai sani ba, sai dai gari ya waye a ɓalla ƙofa. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma yadda za ki gane shi ne duk 'yan ɗakin za su tashi da shi lokaci guda, da an fita waje an shaƙi iska sai a fara jin sauƙi.

Ni kaina na taɓa kwana gidan wata ƙawata a irin garin nan, da asuba na farka kaina kamar ana sara min gatari, ɗanta yana ta amai, ita tana cewa ai sanyi ne ya kama shi. Ashe kaskon da ta tura bayan ƙofa ne, garwashin ma ya yi toka a sama sai ka ce ya mutu. Allah ne ya kiyaye, gilashin tagar ɗakin guda ɗaya a fashe yake an toshe shi da kwali. Tun ranar ba na wasa da maganar nan. Janareta ma haka, a waje yake kwana nesa da taga, kuma ba a kunna risho ko murhun gas a bar shi yana ci wai don ɗaki ya yi ɗumi. In hita ta lantarki za ku saya, a nisanta ta da labule da katifa kamar mita guda, kar a shanya mata kaya a kai, kuma a jona ta kai tsaye a bango.

To shi sanyin kansa fa abu ne da ake koyo, sati biyu uku za ki ga kin fara gane kansa. Dalilin sanyin garin tsauni shi ne duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kamar digiri 6 da rabi, shi ya sa za ki ga rana ta take amma iska na ratsa ƙashi. Lokacin da ya fi tsanani kuma gab da fitowar rana ne, wato daidai lokacin da kike tashin yara shirin makaranta, don haka ki koma yi musu wanka da yamma ko da daddare da ruwan ɗumi a goge jiki tas a shafa mai sosai, saboda sanyi na busar da fata ya kawo kaushi da faso da fashewar leɓe. Wajen sutura, riga uku marasa nauyi ɗaya kan ɗaya sun fi jibgegiyar jaket guda ɗumi, iskar da ke maƙalewa tsakaninsu ita ke riƙe zafin jiki, ga shi in rana ta yi yaro zai cire ɗaya ba sai ya yi gumi ba. Jiƙaƙƙen kaya shi ne babban abokin gaba, yaro ya taka ruwa da safa a canza masa nan take. Kuma ki bar sayen mafi yawan kayan sanyin sai kun isa, mutanen can sun fi ki sanin abin da ke aiki a garinsu, ki dai tanadi na kwana uku huɗu na farko, hula, safa, suwaita da bargo.

Gidan da za ku kama ya fi kayan sawa muhimmanci, a nan nake so ki sa ido ki kafe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar kan gidaje da lafiya a 2018, ta ba da shawarar kada cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, kuma yara da tsofaffi da masu ciwo na iya buƙatar sama da haka. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki rataye a ɗakin yara, ya fi kintace. In an je duba gida a kalli silin ko akwai, a tura hannu ƙasan ƙofa da gefen taga a ji ko iska na zirarowa, a ja kujera ko kabad a leƙa kusurwa, in aka ga baƙin tabo ko funfuna ko aka ji warin danshi to a wuce kawai komai kyan fentin gidan, ɗaki mai laima ba ya ɗumi kuma yana tayar da tari da asma. Ɗakin da rana ke shiga da safe shi za ki ba yara. Labule mai kauri da kafet a ƙasa suna yin aikin da ba ki zata ba.

Jaririyarki, ki riƙe ƙa'ida ɗaya, abin da kika sa a jikinki ki ƙara mata riga guda a kai, shikenan. Mu iyaye mata in muka ji sanyi sai mu naɗe jariri kamar ƙunshi, alhali zafi fiye da kima ma hatsari ne gare shi a barci. Kar ki duba tafin hannunta ko ƙafa, waɗannan kullum da ɗan sanyinsu, ki taɓa ƙirjinta ko bayan wuyanta, in da gumi ki rage. A kwantar da ita rigingine, ba hula a cikin ɗaki lokacin barci, ba bargo kan fuska.

Yanzu mu zo kan na tsakiyan nan mai sikila, Allah ya ba shi lafiya, don shi ne zai yanke muku yadda tafiyar za ta kasance. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini kuma yana cikin abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon, ga shi a garin sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa sai yaro ya wuni bai sha ruwa ba, rashin ruwa a jiki kuwa kin fi ni sanin abin da yake jawowa. Sannan wuri mai tudu sosai iskar oksijin ɗinsa ta fi ƙaranci, wannan ma yana iya taɓa mai sikila. Saboda haka kafin a ɗaure ko kwali ɗaya ki nemo tsayin garin, mita nawa ne, ki kai wa likitan da ke duba shi ki tambaye shi ƙarara, ki karɓi takardar bayanin ciwonsa da magungunan da za su kai ku aƙalla wata biyu uku. Maigida kuma ya je asibitin garin da ƙafarsa ya tambaya, akwai likita da daddare, ana ƙarin jini, akwai oksijin, in abu ya fi ƙarfinsu ina suke turawa kuma awa nawa ce a mota, hanyar tana biyuwa in ana ruwa. Ƙaramin gari daɗinsa da yawa, kwanciyar hankali, ba cunkoso, yaro ya taka zuwa makaranta, amma inda yake gazawa kenan, asibiti.

Shi ya sa ni a ganina maganar ku kwashe gaba ɗaya ƙarshen wata ba ta taso ba. Ki samu maigida lokacin da yake cikin nishaɗi, kar ki fara da ba zan je ba, ki ce masa ina tare da kai amma ga yadda nake ganin za mu fi samun sauƙi. Shi ya fara yin gaba ya kama aiki, ya yi wata ɗaya ko biyu ya san gari, ya nemo gida da makaranta, ke kuma ki bari yara su ƙarasa zangon karatu. In da hali ki je ki yi kwana uku ki gani da idonki, kuma ki je a lokacin da sanyin ya fi tsanani, gani ya kori ji. Gidanku kuwa kar a sayar yanzu, a sa haya in ana buƙatar kuɗi, can ma haya za ku kama har sai kun ga shekara ta zagayo kun san sanyinsu kun san damunarsu. Wanda aka yi wa canjin aiki yau ana iya sake masa gobe, kuma gida a ƙaramin gari saye ba wuya, sayarwa ce aiki.

Kaya ba zan tsawaita ba. Tafiyar kwana biyu, duk abin da kuɗin ɗaukarsa ya kusa kuɗin sabo a sayar ko a bayar. A rubuta lamba a jikin kowane kwali. Takardun haihuwa, katin rigakafi, takardun makaranta da magunguna a jakar hannunki suke tafiya, ba a bayan babbar mota ba, haka barguna, don motar kaya na iya kwana a hanya ku kun riga kun isa.

Sai babbar 'yarki. 'Yar shekara 13 ƙawayenta su ne duniyarta, ku kuna lissafin kwalaye ita tana lissafin wa za ta rasa. Kar ki ce mata ai za ki saba, ta san za a ce haka. Ki shiga ɗakin ki zauna bakin gadonta ki ce ni ma fa ina jin tsoro, ki ga yadda baki zai buɗe. A ba ta zaɓin ɗakinta, a bar ta ta yi sallama da ƙawaye yadda ya kamata, a faɗa mata takamaiman hutun da za a kawo ta ziyara kuma a cika. Ke ma ki shirya, shi maigida yana da ofis da abokan aiki tun ranar farko, ke ce za ki wuni da jaririya a gida ƙofa a rufe saboda sanyi ba wanda kika sani, kaɗaicin nan ya fi sanyin cin rai musamman ga mai shayarwa. A satin farko ki shiga maƙwabta ki gaishe su, kar ki jira su zo. Mutanen ƙaramin gari sai sun gama karantar baƙo kafin su sake, kuma abin da kika faɗa wa ɗaya da safe kafin la'asar ya zaga, to ki yawaita gaisuwa ki rage labari, kuma ko da wasa kar ki riƙa cewa mu a garinmu kaza. In kika ga wata biyu uku sun wuce kullum kuka, ba barci, ba kya son komai, ki faɗa wa maigida ku ga likita, kar ki bar shi a ciki.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Ni ma irin wannan ce ta same ni, mun koma garin sanyi da iyali wata biyu kenan, matsalata mota ce, kullum da safe sai an tura, alhali a inda muka baro lafiya lau take. Ko man wurin ne ba kyau?

Daga wani magidanci

AMSA

Lafiya lau Malam. Kafin ka zargi mai ka fara duba batir. Sanyi na rage ƙarfin batir, a lokaci guda kuma baƙin mai yana yin kauri injin ya yi nauyin juyawa, sai batirin da ke lallaɓawa a garin zafi asirinsa ya tonu. In ya haura shekara uku a kai a gwada shi, a kankare kawunansa inda ake ɗaura waya in sun yi farin gari, ka duba littafin motar ka ga irin baƙin man da aka ce a zuba a yanayin sanyi. Iskar taya ma tana sauka in gari ya yi sanyi, ka riƙa aunawa da safe kafin ka hau titi. In garin naku har ruwa na daskarewa da dare to kar a zuba zallan ruwa a lagireto, a sa ruwan da aka yi dominsa, don ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake ya fasa abin da yake ciki. Kuma in a gareji take kwana, ka buɗe ƙofar garejin ka fito da ita waje kafin ka bar ta tana ɗumama, iskar da na gargaɗi Maman yara uku a kanta ita ce dai ke fita ta salansa.