Amsa: Yaya ake jera gwanayen damben boksin alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne?

Malam, tambayarka ita ce wadda muke ta gardama a kai a majalisarmu ta Terminus nan Jos: ta yaya za a ce Naoya Inoue, ɗan damben Japan wanda ya yi suna a ajin kilo 55, ya fi wani ƙaton ajin masu nauyi?

Masu jerin, irin mujallar The Ring, ba cewa suke ƙaramin zai kayar da babban ba. Suna ɗauka ne kamar nauyinsu ɗaya, sai su duba wa ka buge, yaya ka buge shi, kuma ajin nawa ka mamaye. Shi ya sa nake sa Oleksandr Usyk a gaba. Ya haɗa kambu huɗu na manyan hukumomin dambe na duniya (WBA, WBC, IBF, WBO) a ajin ƙasa da masu nauyi a 2018, ya hau sama ya doke Anthony Joshua sau biyu, sannan Tyson Fury sau biyu a Riyad a 2024, duk sun fi shi jiki nesa ba kusa ba. Terence Crawford ma ya tsallaka aji biyu ya doke Canelo Álvarez, zakaran dambe ɗan Mexico, a 2025.

Inda mutane ke kuskure: ƙirga nasara kawai. Wani bai taɓa faɗuwa ba don ana zaɓo masa marasa ƙarfi. Kambu ɗaya ma ba hujja ba ne, sun yi yawa yanzu.

In kana son gane yadda alƙalai ke ba da maki zagaye-zagaye, nemi kocin dambe ku kalli faɗa ɗaya tare.