Abincin 'Yan Tumaki Da Rani

Tambaya: Na yaye 'yan tumaki, ciyawa ta ƙare. Me zan ba su?

Amsa: Ɗan tunkiya mai nauyin kilo 15 yana cin kusan giram 600 a yini. Ka ba shi kashi biyu harawar wake ko ta gyaɗa, kashi ɗaya dusa haɗe da dakakkun 'ya'yan gawo. Kada ka jibga musu dusa rana ɗaya, a hankali za ka riƙa ƙarawa har mako biyu, in ba haka ba ciki ya kumbura ko zawo ya kama su. Harawar da ta yi fumfuna kuwa, zubar da ita ya fi. Kada su taɓa ɗanyen gyauron dawa, guba gare shi. Ruwa da ɗan gishiri kada su yanke.