An rufe iyaka sau biyu, me ya sa ƙwaya ba ta yanke ba?

Tambaya: Malam, ni mazaunin wani gari ne kusa da Jibiya. A 2019 an rufe iyakarmu da Nijar, aka sake rufewa a 2023. Shinkafa ta yi tsada, 'yan kasuwa suka durƙushe, amma tiramol ko kwana ɗaya ba ta ɓace daga hannun yaranmu ba. Ta ina take bi?

Amsa: Ɗan'uwa, sai ka fara raba "iyaka" da "ƙofar iyaka". Abin da gwamnatin Buhari ta rufe a Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disamban 2020 (Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022), da wanda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, ƙofofi ne: Jibiya, Illela, Kongolam, Maigatari, Kamba da makamantansu. Ita kuwa iyakar kanta ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki da daji. Akwai manomin da gidansa ke Najeriya, gonarsa ke Nijar. Wa zai sa wa wannan kwaɗo?

Ga kuma nauyin kayan. Tirelar shinkafa dole ta bi kwalta, don haka shinge yana tare ta. Ƙwayar da kuɗinta ya kai na buhunan shinkafa masu yawa kuwa, ƙarƙashin kujerar babur ta ishe ta, ko cikin tayar safaya, ko tsakiyar buhun gero a kan amalanke. Rufe ƙofa ya ma ƙara wa 'yan fito ciniki ne. Yaron da ke jigilar fasinja tsakanin Magama ta Jibiya da Ɗan Isa ta Nijar, da aikin ya tsaya sai ya koma ɗaukar shinkafa da fetur ta ɓarauniyar hanya. Ya san inda jami'ai ke tsayawa, ya san wanda ake miƙa wa na goro. Ranar da aka ba shi kwali a naɗe da leda aka ninka masa lada, ba lallai ya tambayi abin da ke ciki ba.

Amma fa kada mu ɗora wa mai babur duka laifin, shi ƙarshen igiya ne. Ba a Maraɗi ko Katsina ake sarrafa waɗannan ƙwayoyi ba. Galibinsu daga Indiya suke zuwa cikin kwantena, su sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas, Onne, Kwatano ko Lome. Tiramol ɗin asibiti mai ƙarfin miligiram 50 ce ko 100. Wadda ake kamawa a kasuwa kuwa za ka ga an rubuta 200, 225, har 250. Da Indiya ta tsaurara doka a kanta a 2018, sai dillalai suka karkata ga wata mai suna tapentadol da ake haɗawa da carisoprodol, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Tafrodol. Sai a 2025, bayan wani binciken BBC, Indiya ta haramta wannan haɗin.

Mutanenmu kan ce daga Nijar ake shigo mana da ƙwaya, su ma can suna cewa daga Najeriya ne. Kowa na da gaskiyarsa. Wani kayan yakan shiga Nijar da takardun wucewa, sannan ya juyo kudu a rarrabe. Wani daga manyan kasuwannin magani na Najeriya yake tashi ya nufi Agadas, daga nan Libiya. Nijar mashiga ce ta manyan kaya: a Maris ɗin 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai, wadda ta taso daga Lebanon ta bi ta Lome, a farkon 2022 kuma aka kama hodar iblis sama da kilo 200 a motar magajin garin Fachi da ke arewacin Nijar. Motar hukuma ke nan, ba babur ɗin ɗan fito ba.

A ganina, abin da ya fi shinge amfani shi ne bayanan sirri da bin sawun kuɗi: wa ya yi odar kwantenar, wa ya fitar da ita, wane sito ta kwana. Wannan kuwa sai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, da takwararta OCRTIS ta Nijar suna musayar bayani a kan lokaci. To dangantaka ta yi tsami tun 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma duk lokacin da jami'an ɓangarorin biyu suka daina ɗaga wa juna waya, dillali ne ke cin riba, domin nasa abokin hulɗar na ƙetare bai daina ɗagawa ba.

Sannan akwai masu saye. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi tare da gwamnatin Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi ba bisa umarnin likita ba. Da yawansu leburori ne, 'yan acaɓa da masu haƙar zinariya da ke neman ƙarfin aiki. In an kama mota ɗaya a Jibiya, farashi ya ɗan hau na 'yan kwanaki, kafin wata ta iso ta Mai'aduwa.